Tsohon Golan Da Na Sa Aka Cire A Guangzhou

Edita, sallama gare ka da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina sa jikata tana karanta mini labaran mutane a nan idan idona ya gaji, wasu a kan aure, wasu a kan gado, sai na ce bari ni ma in kawo nawa, ko da za a yi dariya a ce tsohuwa ta zo da zancen ƙwallo. Ni ma da dariya na ɗauke shi a farko.

A ƙarshen shekarun casa'in ni matar aure ce da sauran ƙuruciyata, 'yar cikin birnin Kano, karatuna bai wuce firamare da makarantar allo ba. Maigidana fataucin takalma yake yi. Shi da abokansa sun daɗe suna zuwa Bankok saro kaya, da kasuwar can ta juya musu baya sai suka koma Guangzhou ta ƙasar Sin. Da ya ga zamansa a can ya fi zamansa a gida, sai ya ɗauko ni. Muka kama ɗaki da falo a saman wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli, inda haya take da sauƙi. Ni dama ko a Kano ba mai son fita ba ce, balle garin da ban san gabas ba. Sinancin da na iya duka daga bakin mai sayar da ganye ta ƙasan benenmu na ɗauka: nihaw idan mun haɗu, shiye-shiye idan ta ba ni kaya, sai meyo, wato babu, wanda shi ta fi faɗa mini duk ranar da na kwatanta mata kuɓewa da hannu. Duniyata ita ce kicin. A lokacin matan Hausawa ba su da yawa a garin, don haka duk wanda ya yi kewar tuwo gidanmu yake nufa. In sun taso daga kasuwar takalma ta Zhanxi Lu sai falon ya cika, Kanawa da mutanen Maraɗi da na Yamai, ni kuma ina bayan labule ina zuba miya. Allah ya ba ni kunne. Daga takun mutum a matakala nake sanin wane ne, daga yadda ya yi sallama nake sanin ko kasuwa ta yi masa daɗi. Kuma ga ni da surutu, abin da na ji da rana sai na juye wa maigida bayan sun watse.

Mutanen nan suna da ƙungiyar ƙwallo. Tun suna samari a Bankok suka kafa ta, kuma in ka ji su suna ba da labari, babu wanda bai sha kashi a hannunsu ba. Da suka dawo Guangzhou sai suka ci gaba, duk ranar Lahadi a filin wata makaranta, suna karawa da 'yan Mali, da 'yan Gini, da 'yan'uwanmu na kudu, wani lokaci har da ma'aikatan wata masana'anta. Maigidana ba ya bugawa, gwiwarsa ta taɓu tun yana yaro, shi ya sa suka naɗa shi manaja. Shi ke neman fili, shi ke shirya da wa za a kara, shi ke faɗin wanda zai sa riga da wanda zai zauna. Sunan ya bi shi har ya danne nasa na yanka, kowa Manaja, Manaja. Ni kuma wankin rigunan ne nawa, kuma ni na fara gane abin da ke faruwa kafin kowa ya yarda. Rigunan ba sa dawowa da warin gumi kaɗai, sai da warin man zafi. Yau wannan ya aiko a ɗan saki masa ɗinki ta gefe, gobe wancan ya ce wanki ne ya sa tasa ta tsuke. Har ƙyalle na riƙa ƙarawa a haƙarƙarin riga, ina yi ina dariya ni kaɗai. Samarin Bankok sun zama Alhazai masu tumbi, sai dai babu wanda ya faɗa musu.

A cikinsu akwai wanda ya girmi kowa, shi ne gola. Mutumin Maraɗi ne, dogo, siriri, gemunsa ya fara fari, kowa Baba yake ce masa. Shi ya sauki maigidana a ɗakinsa ranar da ya fara taka ƙasar waje bai san kowa ba, shi ya nuna masa yadda ake duba ɗinkin takalmi. Ni kuwa tun ranar da na iso ya ce ni ɗiyarsa ce, saboda haka maigidana surukinsa ne, dole ya riƙa cire takalmi in zai gaishe shi. Duk wanda zai taho daga Nijar sai Baba ya sa ya riƙo mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kasuwarsa ta ja baya, ba shi da yaran shago kamar sauran, kayansa shi ke ɗauka da kansa. Amma baki, Allah ya ba shi. Duk Lahadi sai sun dawo suna ƙorafi suna dariya a kan abin da ya faɗa musu a fili. Akwai kyaftin ɗinsu, wani Alhaji mutumin Fagge mai ƙatuwar murya, wanda yake tsaron baya. Wai Baba ya ce masa buhun gero ma in an tura shi yana motsi. Wani ɗan wasan kuma Baba ya ce masa in dai tafiyar masallaci ya zo yi to ya bari a kira salla tukuna. Alhazan da ko a kasuwa ba a ɗaga musu murya, Baba zai ƙwala wa mutum kira ya ce kai, koma wurinka, kuma ya koma.

To sai cin kashi ya fara, ya ƙi ƙarewa. Yaran Mali sababbin jini ne, suna gudu kamar an kunna musu wuta. Hirar falo ta canza. Da farko alƙalin wasa ne mai laifi, daga baya fili, daga baya abincin Sinawa da ke kashe jiki, daga ƙarshe aka taru a kan Manaja. Kyaftin ya ce ƙungiya ta zama gidan gajiyayyu, kuma aikin manaja ne ya kawo sabon jini, in ba zai iya ba ya faɗa. Wani ya ce ai Manajan namu kunya ce za ta kashe shi, ko akuya ya samu a layi ba zai iya ce mata ta matsa ba. Suna faɗa suna suɗe kwanona. Abin da kunnena ya kama, wanda ya kamata ya sa in yi hankali, shi ne duk mai cewa a cire tsofaffi ba ya lissafa kansa a ciki. In sun zo wanke hannu kusa da kicin, sai mutum ya rage murya ya ce uwargida, ki ɗan yi wa Manaja magana mana, wane fa ƙafarsa ta mutu. Can anjima wanen ya zo ya faɗa mini haka a kan wanda ya fara. Na ji duka, na kuma gane, amma zafin da nake ji ya fi ganewar ƙarfi. Mijina ne ake yi wa ba'a a kan tabarmata, da tuwona a bakinsu, shi kuwa yana zaune yana murmushi yana miƙa musu ruwa.

Na tasa shi a gaba. Kullum in mun rage mu biyu sai na ce masa har yaushe zai zauna ana mayar da shi abin wasa, in ce ya cire ko mutum ɗaya ne a san akwai manaja a garin. Shi mutum ne mai shiru, sai ya ce in bar maganar, abin ya fi yadda nake gani. Da na matsa, sai ya buɗe mini kaɗan. Ya ce ya nemi samarin, ba sau ɗaya ba. Amma su wane ne samarin? Yaran shagon Alhazan nan ne, ƙannensu da 'ya'yan 'yan'uwansu da suka kawo su koyon kasuwa. Duk wanda ya ce wa zo ka karɓi riga, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai sa rigar maigidansa ba maigidan yana zaune a benci yana kallo. Wanda ya taɓa yarda ya shiga kuwa, da ya samu ƙwallo a gaban raga sai ya tsaya yana neman inda maigidansa yake don ya ba shi ya ci. Na yi dariya har da hawaye, amma ban sauka daga bakana ba. Na ce to a fara da wanda ba shi da yaro a ƙungiyar, wanda cire shi ba zai ja rigima ba. Ban ambaci suna ba. Ba sai na ambata ba, mu biyun mun san mutum ɗaya ne. Na ma ƙara da cewa ai hutu ne za a ba shi, mutum mai furfura yana faɗuwa a ƙasa saboda ƙwallo, tausayi ne a ce ya zauna. Har ga Allah na yarda da wannan maganar a lokacin da nake faɗinta.

Ranar wata Juma'a, bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng, maigidana ya ja Baba gefe a harabar masallacin ya faɗa masa. Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Na tambaye shi me Baba ya ce, ya ce babu abin da ya ce sai to madalla, Allah ya ba da sa'a, ya kuma tambaya wa za a sa, da aka faɗa masa ƙanin matar Kyaftin ne sai ya ce yaron yana da hannu, a riƙe shi da kyau. Washegari ya aiko da safar hannunsa a wanke a naɗe. Na ce wa maigida ka gani ko, dama shi ma ya gaji. Da yamma falo ya cika, ana ta yaba wa Manaja, Kyaftin har da cewa yau ya tabbata namiji ne. Na kasa kunne ina jiran takun Baba a matakala, don shi yana hawa ne yana tsayawa a kowane hawa ya gaisa da maƙwabta da hannu. Bai zo ba. Na ajiye masa tuwonsa har ya huce.

Lahadin da sabon gola zai fara, na ce sai na je. Wannan ne zuwana filin na farko, kuma shi ne na ƙarshe. Na zauna a gefe da mayafina, ban san dokar wasan ba, amma ina da kunne, kuma abin da na ji shi ne shiru. Yaron nan ya iya kama ƙwallo, ko ni na ga haka. Sai dai ashe aikin gola ba kamu kaɗai ba ne, shi ke ganin fili duka, shi ke tsawata wa masu tsaron baya su rufe nan su koma can. To wa zai tsawata wa? Mijin yayarsa, wanda ya biya masa jirgi, wanda yake kwana a ɗakinsa? Ina jinsa da kunnena yana cewa Alhaji, da za a ɗan matso ta nan, a hankali, har yana ɗan rusunawa. Kafin ya gama ladabinsa an wuce Alhaji an zura. Wani Alhajin cikin masu tsaron baya ya tsaya yana gyara wando a daidai inda bai kamata ba, yaron ya kasa daka masa tsawa. Yaran Mali suka gane, suka riƙa bi ta nan suna dariya, har wani Basine da ke kallo ta bayan waya ya riƙa nuna ragarmu yana cewa meyo, meyo. Ban ƙirga cin ba, na dai san tun ana tafi har aka daina, saboda abin ya koma ban tausayi. A nan zaune na gane abin da muka cire. Ba hannun Baba ne yake riƙe da ƙungiyar ba, shekarunsa ne. Shi kaɗai ne ya isa ya daka wa Alhazan nan tsawa su motsa, kuma tsufan da muka kore shi saboda shi, shi ne ya ba shi wannan ikon.

Na zaci za su gane su ma. Da yamma bakunan da suka yabi Manaja su suka juya. Kyaftin ya ce shi dama bai taɓa cewa a cire Baba ba, cewa ya yi a kawo sabon jini. Wani ya ce mutumin da ya sauke ka a ɗakinsa shi za ka fara wulaƙantawa, wannan ai butulci ne. Mutanen Maraɗi suka ɗauki abin da zafi, suka ce da Bakano ne da ba a taɓa shi ba, wasunsu suka daina hawowa benenmu. Kalmar butulcin nan ta bi maigidana har kasuwa, har masallaci. Bai taɓa cewa ni na sa shi ba, ko a gabansu ko a bayan idonsu. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Maigida ya ɗauki kwanaki yana jin nauyin zuwa, sannan ya je masaukin Baba. Abin da ya tarar shi ya fi komai tsaya mini a rai. Baba ba ya iya cin abincin garin, cikinsa ba ya karɓa, kuma yana tsoron abin da aka dafa da shi. Tuwona ne abincinsa tun da na zo. Da aka cire shi sai ya ji ba zai iya zama a falon da ba a hirar komai sai ƙwallo ba, a riƙa kallonsa ana sassauta murya. Tun daga ranar yake rayuwa a kan shayi da burodi, bai faɗa wa kowa ba. Ya rame, gyambon cikinsa ya tashi. Ni da nake taƙama da kunne, na ji duk gulmar garin, amma ban taɓa tambayar kaina ina mutumin nan yake cin abinci ba. Na dafa tuwo da miyar kuka na ba maigida ya kai, na ci gaba da aikawa kullum. Yana karɓa, ya ce a gaishe da ɗiyarsa, a ce Allah ya yi mata albarka. Maigida ya roƙe shi ya dawo raga, ya ce masa kuskure aka yi. Baba ya ce a'a, ba a yi kuskure ba, shi ma ya san idonsa ya rage gani, da an bar shi da kansa zai ajiye bayan salla babba, yana so ne kawai ya tsaya a bayan yaron na ɗan lokaci ya koya masa yadda ake yi wa manya magana a fili. Ya ce amma yanzu in ya dawo an kunyata yaron, shi kuma ba zai gyara tasa kunyar da ta ɗan wani ba.

Bai ƙara hawa benenmu ba. Da jikinsa ya ƙi daɗi sai ya haɗa 'yan kayansa ya ce zai koma gida. Maigidana ya ɗaukar masa jaka har tashar jirgin ƙasa, inda zai hau zuwa garin da zai kama jirgin sama. Ya ce mini a bakin ƙofar shiga ya durƙusa ya nemi gafara, Baba ya ɗaga shi ya ce babu komai tsakaninsu sai alheri, ya yafe duniya da lahira. Sai dai da zai juya cewa ya yi sai wata rana, Manaja. Shi da bai taɓa kiransa da wannan sunan ba, sai surukina. Maigida ya dawo ya ajiye manajancin a makon. Duk masu cewa bai iya ba, babu wanda ya yarda ya karɓa, kowa ya ce kasuwa ta yi masa yawa. Aka yi Lahadi biyu ko uku ana taruwa babu abokan karawa, daga nan ƙungiyar ta mutu. Bayan mun dawo Kano da wasu shekaru muka ji rasuwar Baba. Mun je Maraɗi gaisuwa, iyalansa suka karɓe mu hannu biyu, suka ce yana yawan ambaton wata ɗiyarsa a ƙasar Sin mai daɗin miya. Bai taɓa ba su labarin ƙwallon ba.

Na yi shekaru ina auna laifin nan, wane kaso ne na maigidana, Allah ya jiƙansa, wanne ne ba nasa ba. Ba zan wanke shi tas ba don yana mijina. Ya ga tsufan nan yana tahowa tun da nisa, ya san yaran ba za su karɓi riga a hannunsa ba sai iyayen gidansu sun miƙa musu da kansu, kuma da ya tara Alhazan ya faɗa musu haka ido da ido tun da wuri, wataƙila da an rabu lafiya. Kunya ta hana shi, ya yi ta jira, da aka matsa masa kuma ya sauke nauyin a kan wanda ya san ba zai rama ba. Wannan nasa ne. Amma ba shi ya sa musu furfura ba, ba shi ya hana su sauka ba. Mutum goma sun riƙe riguna sun ƙi saki, sannan suna tambayar mutum ɗaya me ya sa babu sababbin fuska. Nawa kason kuwa ban taɓa neman wanda zan raba shi da shi ba.

Shi ya sa nake kira ga masu karatu, musamman mata 'yan'uwana da ake biyowa ta wajenmu don a isa ga mazajenmu, da duk wanda aka ba riƙon wata ƙungiya, ko ta ƙwallo ce ko ta unguwa ko ta kasuwa. In abu ya tsufa ya fara lalacewa, za a zo muku da maganar a cire wani. Kafin ku ɗauka ku kai, ku dubi mai maganar ku ga ko shi zai yarda ya sauka. Ku tambayi shugaban abin da ya gwada kafin ku ce bai yi komai ba. In kuma kun ga an zaɓi wanda cire shi ba zai ja rigima ba, to ku tsaya a nan, don rashin rigimarsa ba ya nufin ba zai ji ciwo ba, yana nufin ba za ku ji kukansa ba ne kawai. Ni ban ji ba, kuma har yau da na tsufa na kai shekarun Baba, in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna in yi masa addu'a. Ku ma wanda ya karanta ya sa shi a tasa.